Wa Ya Ga Gawar Gwaggo Bushiya?

Ni ka zage ni, ka taka min ƙafa a cikin mota, in na ga dama zan haɗiye. Amma kada ka taɓa min Mitsi.

Mitsi jikata ce, 'yar 'yata, shekararta bakwai. A hannuna take wuni saboda uwarta aikin asibiti take yi. Yarinyar tana da in'ina, irin wadda kalma kan tsaya mata a wuya har jijiya ta tashi. Tun da 'yan ajinsu suka fara kwaikwayonta ta tattara maganarta ta ajiye. In tana son ruwa sai ta ja min zani ta nuna kofi.

Uwarta ce ta kai ta ɗakin karatun unguwarmu, inda wani dogon saurayi, ma'aikacin wurin, yake tara yara ranar Asabar suna wani wasa. Yaya Dogo suke ce masa. Tebur ne kawai, da faffaɗar takarda da ya zana duwatsu da koguna a kanta, sai 'ya'yan ludo masu fuskoki barkatai. Kowane yaro zai zaɓi abin da zai zama a cikin labari. Shi Dogon ya ce ga ku a daji, ga ƙofa a gabanku, me za ku yi? Yaro ya faɗi abin da zai yi, ya jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita ke nuna ya ci nasara ko ya sha ƙasa.

Da aka ba ni labari cewa na yi zaman banza ne aka yi wa kujera. Sai ga Mitsi ta dawo tana neman yumɓu. Ta mulmula shi, ta sossoke shi da tsinken sakace, ta shanya a rana. Wai ita ce Gwaggo Bushiya, tela, da ƙayar jikinta take ɗinke wa abokan tafiyarta riguna da raunuka. Kuma in ta ɗora abin nan a tafin hannunta, sai magana ta zo. Wata murya take yi ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa mai mura. In'inar tana nan, amma ba ta gudunta, tunda ba wanda ya ce bushiya sai ta yi sauri. Da wannan muryar ta riƙa cika min kunne a kicin, har nakan ce mata, "Ƙawata, ki bar ni in ji da albasar nan."

Wata Asabar ta shigo hannu wayam. Ko takalmi ba ta cire ba ta haye gado ta juya wa duniya baya. Na yi tambayar duniya, shiru. Na leƙa na kira Tabarau, 'yar maƙwabtanmu mai shekara goma sha biyu, wadda ke rako ta gida.

"Ke, me aka yi mata?"

"Kaka, bushiyarta ce ta mutu."

"Fashewa ta yi?"

"A'a, a cikin labari. Rufin ɗakin da ƙanana ke wasa ne yake yoyo, sai Yaya Dogo ya haɗa ƙanana da mu manya a tebur ɗaya. A teburin ƙanana ba a mutuwa, sai dai a kama ka ko ka gaji ka yi barci. Namu kuwa ana mutuwa. Muna tsallake gada dodo ya girgiza ta, Mitsi ta jefa ta samu ɗaya, ta faɗa rami. Yaya Dogo ya ce shi ke nan ta mutu, ya ɗauke ta ya sa a gwangwanin matattu."

"Gwangwanin me?"

"Na biskit ne. A nan yake tara waɗanda suka mutu."

Da uwarta ta dawo na gaya mata. Ta ce, "Inna, wasa ne fa, za ta manta." Na ce ke dai tafi ki duba marasa lafiyarki. Kwanaki suka yi ta wucewa, yarinya ba ta manta ba. Muryar bushiya ta tafi, ita kanta 'yar guntuwar maganar da takan yi min da tata muryar ta bi ta. Muka koma jan zani da nuna kofi.

Na ɗauki mayafina.

Ban taɓa shiga ɗakin karatun nan ba sai ranar. Kantoci ne har rufi, fanka ɗaya tana kuka, mutane sun duƙufa kamar masu makoki. Na hango shi a kan wani ɗan tsani yana jera littattafai, tsawonsa ma ya isa ba sai da tsani ba.

"Kai ne Dogo?"

"Ni ne, Kaka. Sannu da zuwa. Don Allah a ɗan rage murya."

"Ba zan rage ba. Sauko."

Ya sauko. Na ce, "Kai ne ka kashe wa jikata bushiya?"

Wani dattijo mai karanta jarida ya sauke ta yana kallonmu ta saman gilashinsa. Dogo ya ja ni wani lungu inda teburin wasan yake, ya ba ni kujera. Na ce ba zama na zo yi ba.

"Kakar Mitsi ce ke nan. Ai na ga ba ta zo ba. Yaya take?"

"Yadda ka bar ta. Yarinya ta samu baki da ƙyar, ka zo ka rufe shi a gwangwanin biskit. Kai ƙato da gemunka, ba ka ga tsayinta ba? Ka ɗauki 'yar shekara bakwai ka haɗa da garada, ka kawo musu dodo mai girgiza gada?"

Na shirya ya yi min musu, don na tanadi sauran maganar. Sai ya sunkuyar da kai.

"Gaskiyarki. Laifina ne. Da na haɗa su, labarin ƙanana ya kamata in yi wa kowa. Manyan ne suka matsa a ci gaba da nasu, ni kuma na biye musu. Da lambar ta fito, bakina ya riga hankalina."

Ban ji daɗin yadda ya amsa da wuri ba. Na ce, "To amsa laifi ba ya sa yarinya magana. Ba ni ita."

Ya buɗe gwangwanin. Ga 'yan mutum-mutumi nan kwance, na roba da na kwali, ga tamu a gefe, tsinke biyu sun karye. Ya miƙo min da hannu biyu. "Ki ce mata an fasa. Ba ta mutu ba. Ta dawo ranar Asabar a ci gaba."

Na ƙulle ta a bakin mayafi na fito ina jin na gama aiki.

A gida na tarar da Mitsi zaune a bakin ƙofa, Tabarau tana yi mata kitso. Na kwance mayafi na ɗora mata a cinya. "Ga kayanki. Na je na wanke masa kai. Ya ce an fasa mutuwar."

Ta kalli bushiyar ta daɗe. Sai ta ɗauka, ta kama hannuna, ta sa min a tafi, ta naɗe yatsuna a kai. Ta tashi da rabin kitso ta shige ɗaki.

"Wannan wane irin wulaƙanci ne?" na ce.

Tabarau ta ce, "Kaka, ba haka ake yi ba. Kowa ya ga ta faɗa. In an ce an fasa, to ƙarya ce, ita ma ta sani. Kuma yara za su ce don ita ƙarama ce aka yi mata alfarma."

Na zauna ina juya abin a hannuna. Yarinyar nan ni ta ɗauko, ba ta karɓar sadakar tausayi. Sai wani abu ya faɗo min.

"Ke Tabarau. Da ta faɗa ramin, wa ya sauka ya duba?"

"Ba wanda ya sauka. Dodo muke yaƙa."

"Kuka gama da dodon fa?"

"Muka wuce neman taska."

"Kuka wuce. Madalla da abokan tafiya."

Ranar Asabar na yi wa Mitsi wanka na sa mata riga. Ta toge a bakin ƙofa. Na ce, "Ba wasa za ki yi ba, rakiya za ki yi min. Ni ke da magana da su." Ta biyo ni tana jan ƙafa.

Yara biyar muka tarar a teburin, har da Tabarau da wani kakkauran yaro da suke kira Mai Gatari, saboda jaruminsa gatari yake riƙewa. Na miƙa wa Dogo bushiyar na ce ya mayar da ita gwangwani. Ya kalle ni, ya kalli Mitsi da ta maƙale a bayana, ya mayar.

Na dafa teburin. "Tambaya ɗaya na zo da ita. A cikinku wa ya ga gawar Gwaggo Bushiya?"

Suka kalli juna.

"Kai Dogo, ka gani?"

"Ban gani ba, Kaka."

"To da wane bakin ka ce ta mutu? Mutum ya faɗa rami, ba a leƙa ba, ba a kira sunansa ba, a kama rabon kayansa?"

Mai Gatari ya ɗaga hannu. "Amma doka ce. Ni ma jarumina na farko ya mutu, ba wanda ya dawo min da shi."

"Naka yaya aka yi ya mutu?"

"Kada ne ya haɗiye shi."

"A gabanku?"

"E."

"To wannan an ga inda ya shiga. Allah ya ba ka haƙuri. Tawa maganar daban ce."

Yaran suka fashe da dariya, har shi. Dogo ya gyara zama, na ga idonsa ya kawo haske kamar an ba shi kyauta.

"Kaka tana da hujja," ya ce. "Ba wanda ya ga ƙasan ramin. Amma ni ba zan ce tana raye ba, ba zan ce ba ta raye ba. Sai wani ya sauka ya gani. Wa zai sauka?"

"Ni," na ce. "Kun riga kun nuna halinku."

"To sai kin shiga labarin. Me za ki zama? Akwai mayaƙiya, akwai maharbiya, akwai matsafiya."

"Matsafiya? Allah ya tsare ni. Ni kakar bushiya ce."

"Me kike ɗauke da shi?"

"Igiyar shanya."

"Makami fa?"

"Bakina."

Tabarau ta ce, "Wallahi ya isa, Yaya Dogo." Ya laluba aljihu ya ciro murfin kwalba ya ajiye a kan takardar, a bakin wani baƙin zane da ya ce shi ne ramin. Wai murfin ni ce. Na ja kujera na zauna, Mitsi ta tsaya a kafaɗata tana numfashi a kunnena.

Kafin a fara ya dubi yaran. "Ku ji da kyau. Duk teburin da ƙaramin yaro yake, ba a mutuwa. Wancan karon na yi kuskure. Za a sha wuya, za a yi asara, amma ba mutuwa. Wanda bai yarda ba ya jira wasan manya da yamma." Ba wanda ya motsa. Sai ya juyo gare ni. "Ke kuma Kaka, ba zan murɗe miki ɗan ludo ba. Abin da ya fito shi ne."

"Wa ya roƙe ka?"

Ya rage murya. Ya ce ga ku a bakin rami, gada ta karye tana reto, iska mai sanyi tana busowa daga ƙasa, in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa. Na san a ɗakin karatu nake, ga fanka tana kuka a kaina, amma sai da na ɗan janye ƙafata ƙarƙashin kujera.

"Me za ki yi, Kaka?"

"Zan ɗaura igiya a wani abu mai ƙarfi." Na duba teburin. "A ƙugun wannan mai gatarin. Ya yi wani amfani yau."

"Na yarda," in ji Mai Gatari, "amma kar ki ja da ƙarfi, na ci abinci."

Dogo ya miƙo min ɗan ludo mai fuska ashirin. "Goma ko sama da haka, kin sauka lafiya."

Na wurga shi. Ya daki gwangwanin, ya yi tsalle, ya gangara ƙarƙashin kanta. Yara uku suka shiga rarrafe nemansa. Aka dawo da shi da yanar gizo-gizo a jiki, aka ce na ƙasa ba ya ƙirguwa, in sake. Na sake a hankali. Ban yi boko ba amma lamba na san ta. Uku.

"Ayya," in ji Dogo. "Kin kai tsakiya igiya ta tsinke. Kina faɗuwa sai wata saiwar itace ta kama miki zani. Yanzu haka kina reto, kai a ƙasa, ƙafa a sama."

"Ni? Da girmana?"

"Ke fa, Kaka."

"Ɗankwalina fa?"

"Ya tafi."

Teburin ya kece da dariya. A kafaɗata na ji wani ɗan huci ya fita ta hanci. Ban juya ba.

Mai Gatari ya ce zai miƙo min ƙotar gatarinsa. Ya jefa, ya samu shida, ƙotar ba ta kai ba. Tabarau ta ce ita maharbiya ce, za ta harbo kibiya da sabuwar igiya. Ta jefa, biyu. Kibiyar ta wuce ta gefen kunnena.

"Ke kashe ni kika zo yi ko ceto?" na ce mata.

Dogo ya ce, "Saiwar ta fara ƙara. Zanin ya fara yagewa." Ya ja gwangwanin zuwa tsakiyar tebur, ya buɗe murfin, ya janye hannunsa. Bai kalli Mitsi ba, takardar yake kallo. "Can ƙasa akwai duhu. In da mai rai a wurin, to ta ji ihun wata tsohuwa, kuma ɗankwali ya faɗo mata a ka. Ni ban san ko akwai kowa ba. Ba ni na faɗa ramin ba. Wadda ta faɗa ita kaɗai ta san yadda aka yi."

Ina jin hannun Mitsi yana matse min mayafi. Bakina yana ƙaiƙayi in ce ga ta nan tana raye, in gama maganar. Na danne. Ihu dai aka ce tsohuwa tana yi, to shi na iya.

"Wayyo ni! Jama'a ba kowa a ramin nan? Jini ya taru min a ka! Na baro tukunya a wuta na zo neman 'yar banzar bushiya, ga shi zan ƙare a rataye kamar wanki!"

Dattijon mai jarida ya leƙo ta bayan kanta. Na yi masa hannu ya koma.

Sai hannun nan ya saki mayafina. Ya wuce ta gefen fuskata, ya shiga gwangwani, ya fito da bushiyar. Ta ajiye ta a tsakiyar baƙin zanen.

"Na du…" Muryar tsohuwa mai mura ce, a shaƙe. "Na du… du…"

Mai Gatari ya buɗe baki zai ƙarasa mata. Na watsa masa wani kallo, ya rufe har da sa hannu.

"Na dunƙule," ta ce. "Da zan faɗa. Bu-bushiya dunƙulewa take yi. Na gangara na faɗa kan yashi. Ƙayata biyu sun ka-karye."

"Ashe," in ji Dogo. "To me kika ci duk kwanakin nan?"

"Ƙwari."

"Tir," in ji Tabarau.

"Da daɗi," in ji Mitsi.

"Gwaggo Bushiya, ga kakarki tana shirin faɗowa a kanki. Me za ki yi?"

Ta yi tunani, ta zagayo ta tsaya a gefen teburin sosai. "Zan ɗi-ɗinka raga. Da ɗankwalinta da igiyar da ta tsinke. In ɗaura a duwatsu."

"Goma ko sama."

Ta karɓi ɗan ludon. Na zuba masa ido, don na ga irin abin da ɗan banzan nan yake yi wa mutane. Ta girgiza shi a tafi biyu, ta sake shi a hankali. Ya gangara ya tsaya a jikin murfin kwalbata. Sha ɗaya.

Yaran suka yi ihu. Mai Gatari ya buga tebur har jaruminsa ya faɗi.

"Da ƙyar," in ji Dogo. "Ragar ta riƙe. Kaka ta faɗo a ciki lafiya. Sai dai sha ɗaya ba ashirin ba ce, akwai abin da ya ɗan ɓaci. Gwaggo Bushiya, mene ne?"

Mitsi ta kalle ni. Na ga shaiɗancin yana taruwa a idonta.

"Na manta a-allura ɗaya a ciki. Ta zauna a kai."

"Ke! Ni kika soke?"

"Ba da gangan ba."

"Ƙarya kike, na san halinki."

Aka ci gaba. Suka sako mana kwando muka hau, muka haɗu da wani jemage mai ciwon haƙori da ya tare hanya, Mitsi ta cire masa haƙorin da zare. Ni dai nawa faɗa ne, duk wanda ya tare mu sai in tambaye shi wa ya haife shi. Da aka tashi na tsaya a gaban Dogo.

"Kai. Na huce rabi."

"Na gode, Kaka. Sauran rabin fa?"

"Ina kallonka."

A hanya Mitsi tana gaba ina baya. Mun kai wajen mai facin taya ta jira ni. Bushiyar tana aljihunta, ba a hannu ba. Da ta buɗe baki muryarta ce ta fito, siririya, tata ta kanta.

"Ka-Kaka."

"Na'am."

"Ba ki iya ji-ji…" Ta tsaya, wuyanta ya ɗaure. Mota ta wuce, wata ta wuce. Na tsaya ina gyara mayafi, ba inda nake sauri. "Jifa ba. Wurgi kike yi kamar kina korar kaza."

"To gwana. Ke da kika iya, wa ya fara faɗawa ramin?"

"Ni dai da ɗankwalina a ka na sauka," ta ce, ta wuce gaba.